Daga Senti 30 Zuwa 70 a Kan Kwalin Sigari: Yadda Gundumar Cuyahoga Ke Tallafa wa Ƙungiyoyin Fasaha da na Matasa

Ranar 7 ga Nuwamba, 2006, mutanen gundumar Cuyahoga da ke jihar Ohio ta Amurka suka fita zaɓe. Ban da sunayen 'yan takara, takardar ƙuri'ar tana ɗauke da tambayoyin da ake son jama'a su amsa da e ko a'a, kuma akwai biyu a cikinsu da suka ja hankalina. Ta farko ta jihar ce baki ɗaya: a hana shan taba a wuraren aiki da gidajen cin abinci da sauran wuraren taruwa masu rufi. Ta biyu ta gundumar ce ita kaɗai: a ɗora harajin senti 30 a kan kowane kwalin sigari mai kara 20, har tsawon shekara 10, a riƙa raba kuɗin ga ƙungiyoyin fasaha da al'adu waɗanda ba riba suke nema ba. Jama'a suka amince da duka biyun. A rana guda ke nan aka ɗaura ɗamarar rage shan taba, aka kuma jingina abincin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo da masu koya wa yara zane a jikin tabar.

Daga wannan rana ne alherin tsarin da matsalarsa suka taso tare, kuma har yau suna tafe kafaɗa da kafaɗa.

Yadda aka kai ga taba

Cleveland, babban birnin gundumar, arzikin masana'antu ne ya gina shi. A nan John D. Rockefeller ya kafa kamfanin mai na Standard Oil a 1870, ga masana'antun ƙarfe a bakin kogin Cuyahoga, ga tashar jiragen ruwa a tafkin Erie. Attajiran wancan zamanin sun bar wa garin gado mai nauyi. Gidan zane-zane na Cleveland Museum of Art ya buɗe a 1916, kuma har yanzu kyauta ake shiga. An kafa ƙungiyar makaɗa ta Cleveland Orchestra a 1918. Kafin su, a 1914, wani lauya kuma ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff ya kafa Cleveland Foundation, wadda ita ce gidauniyar al'umma ta farko a duniya: mutane da yawa su zuba dukiyarsu a asusu ɗaya, a riƙa juya ta, ana yi wa gari aiki da ribar.

Sai dai gadon ya ci gaba da zama, mutanen da ke ɗauke da shi suna raguwa. A 1950 mazauna birnin sun haura 900,000. A ƙidayar 2020 ba su kai 375,000 ba, ko da yake gundumar gaba ɗaya tana da mutum kusan miliyan 1.26. Manyan kamfanonin da suka saba sa hannu a aljihu duk shekara suka riƙa watsewa. BP ya kwashe hedkwatarsa ta Amurka daga garin bayan ya haɗe da Amoco a 1998. Kamfanin ƙarfe na LTV ya durƙushe. An sayar da TRW a 2002. A shekarar 2000 ƙungiyar rawar bale ta garin ta rufe, abin da ya girgiza masu harkar, domin kowa ya ga cewa tsufan suna ba ya hana mutuwa.

Tun 1997 gidauniyoyin garin suka kafa wata ƙungiya mai suna Community Partnership for Arts and Culture, ƙarƙashin jagorancin Tom Schorgl, don ta tattara bayanai ta kuma nemo hanyar samun kuɗin gwamnati mai ɗorewa. Yunƙurin farko a 2004 ya bi ta harajin gidaje da filaye, masu zaɓe suka yi watsi da shi. Ba abin mamaki ba ne, domin harajin gida kowane mai gida yake taɓawa. Sai aka waiwayi taba. Akwai sawun da za a bi, tunda a 1990 mutanen gundumar sun amince da haraji a kan giya da sigari don gina filin wasan ƙwallon gora da zauren ƙwallon kwando a tsakiyar birni. Lissafin siyasar ma a bayyane yake: a lokacin, wajen mutum 1 cikin kowane baligi 5 ne ke shan taba a Amurka. Idan aka tambayi mutum 5 ko sun yarda a karɓi kuɗi daga hannun ɗayansu, ba a buƙatar dogon nazari kafin a san amsar.

Ba ina faɗin haka don in rage darajar abin da aka yi ba. Waɗanda suka yi fafutukar sun gwada ƙofar da ta fi adalci, aka rufe musu, suka shiga ta wadda ta buɗe. Amma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, don za mu dawo kansa.

Ƙofofin da kuɗin ke fita

Hukumar da ke raba kuɗin sunanta Cuyahoga Arts & Culture, ana taƙaita shi da CAC. Hukumar gwamnati ce mai zaman kanta, da amintattu 5 waɗanda shugabannin gunduma ke naɗawa. Dokar jihar ta iyakance mata wanda za ta ba: ƙungiyoyi ne marasa neman riba, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Daga 2007 zuwa yanzu ta raba fiye da dala miliyan 200 ga ƙungiyoyi sama da 400.

Babbar ƙofa, wadda mafi yawan kuɗin ke bi, ita ce ta tallafin gudanarwa. Ƙungiyar da babban aikinta fasaha ne ko al'ada, wadda take da ma'aikata da littattafan kuɗi da aka tantance, za ta nema. Idan ta yi nasara sai a ba ta kuɗi na shekaru a jere, ba tare da an ce ga abin da za ta saya da shi ba. Ƙofa ta biyu ta tallafin aiki guda ce: bikin unguwa, ajin kiɗa na hutun bazara, zanen bango, wasan kwaikwayo na ɗalibai. A nan ba sai ƙungiya ta kasance ta fasaha zalla ba. Cibiyar matasa ko ta tsofaffi ko ƙungiyar raya unguwa duk suna iya nema, in dai aikin na fasaha ne kuma jama'a za su amfana. Sharaɗin shi ne ƙungiya ta kawo nata kason, ta nuna cewa ta samo wani kuɗin daga wani wuri. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kwamitin masana ne ke duba takardun, galibinsu daga wajen yankin ake gayyato su don kada sanayya ta shiga, kuma an daɗe ana yin zaman a bainar jama'a, mai nema yana iya sauraron abin da ake faɗa a kan takardarsa. Abu uku ake aunawa: amfanin aikin ga jama'a, ingancinsa ta fuskar fasaha, da ƙarfin ƙungiyar na riƙe amana da gudanar da abin da ta ce za ta yi. Amfanin jama'a ne ya fi sauran maki. Wannan zaɓi ne mai ma'ana, domin ya tilasta wa manyan gidaje masu tsohon suna su amsa tambayar da a da ba a cika yi musu ba: su wa ke shigowa ta ƙofarku, su wa kuma ba sa zuwa?

Akwai ƙofa ta uku, ƙarama, wadda ni ita ta fi burge ni. A 2003 Cleveland Foundation ta kafa wani shiri mai suna Neighborhood Connections, wanda ke ba mazauna unguwa tallafin dala 500 zuwa 5,000 don su yi wani abu a layinsu. Ba sai suna da rajistar ƙungiya ba, kuma kwamitin da ke zaɓar waɗanda za a ba mazauna unguwannin ne da kansu. Daga baya CAC ta riƙa zuba wani kaso na kuɗin tabar ta wannan hanya don ayyukan fasaha. Ta nan ne matar da ke tara 'yan matan layinsu tana koya musu rawa a zauren coci, ko saurayin da ke koya wa ƙannensa ɗaukar hoto, suke iya taɓa kuɗin gwamnati ba tare da sun ɗauki akanta ko lauya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma maƙwabci ya fi masanin da ya zo daga wata jiha sanin wanda zai yi aikin da wanda zai ɓace da kuɗin.

Abin da kuɗi maras sharaɗi ke yi wa ƙaramar ƙungiya

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar matasa ya san inda gizo ke saƙar. Samun wanda zai biya kuɗin sabon shiri bai kai samun wanda zai biya kuɗin wuta wahala ba. Mai bayarwa yana son ya ga sunansa a jikin sabon gini, ko a takardar bikin buɗe wani abu da ba a taɓa yi ba. Babu mai sha'awar a ce shi ya biya inshora, ko ya gyara tukunyar ɗumama ɗaki, ko ya biya albashin matar da ke rubuta kuɗin shiga da na fita. Alhali a gari irin Cleveland, inda dusar ƙanƙara ke sauka daga tafki watanni a jere, ranar da tukunyar ɗumama ta mutu ranar aji ya tashi, komai ƙwarewar malamin goge.

Wannan ya sa ƙananan ƙungiyoyi a ko'ina suke faɗawa wani tarko. Don su samu kuɗi sai su ƙirƙiro sabon shiri duk shekara, su sa masa sabon suna, su rubuta shi yadda zai yi daidai da abin da mai bayarwa ke so a bana. Tsohon shirin da yara suka saba da shi, wanda ke aiki, sai ya zama maraya. Shugaban ƙungiya da ya kamata ya kasance tare da yara da iyayensu sai ya ƙare a gaban kwamfuta yana cika fom. Yaro kuwa ba sabon abu yake nema ba. Yana son ya san cewa ranar Talata da ƙarfe huɗu ƙofar nan a buɗe take, kuma malamin da ya san sunansa bara shi zai tarar bana.

Tallafin gudanarwa na CAC wannan ramin ya cike. Ɗauki Rainey Institute, wadda aka kafa a 1904 a unguwar Hough, unguwar da ta sha tarzoma a 1966 kuma har yau take fama da talauci. Aikinta koya wa yara kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da zane bayan an tashi daga makaranta da lokacin hutu. Ko Near West Theatre, da ta fara a 1978 a matsayin dandalin wasan matasa a yammacin birnin, inda yara da manya na unguwa ke hawa dandali tare. Ko Karamu House, da aka kafa a 1915, gidan wasan kwaikwayo na baƙaƙen fatar Amurka mafi daɗewa a ƙasar, wanda shi ma yake da azuzuwan yara. Ko The Music Settlement, wadda wata makauniya malamar kiɗa, Almeda Adams, ta assasa a 1912 don 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar da na talakawa. Irin waɗannan gidaje ba su da hanyar cika asusunsu da kuɗin tikiti ko kuɗin makaranta, domin da zarar sun tsawwala, yaran da aka kafa su dominsu ne za su fara ɗauke ƙafa. Kuɗin da suka san zai zo bana ya zo baɗi shi ke ba su ƙarfin gwiwar ce wa malami ya zauna, akwai aikinsa.

Akwai wani amfanin kuma da ba a rubuta shi a takardar yarjejeniya. Ƙungiyar da ta tsallake tantancewar kwamitin masana a bainar jama'a ta samu shaida. Idan ta je gaban wata gidauniya ko wani kamfani, ba da baki kawai za ta je ba.

Rijiyar ta fara ja baya

A shekarun farko harajin yana kawo kusan dala miliyan 20 a shekara. Idan aka raba da senti 30, ana maganar kwali wajen miliyan 65 ke nan. Daga nan kuɗin ya kama gangara, kusan kowace shekara ƙasa da ta baya, har zuwa wajen 2023 da ya koma kimanin rabin yadda ya fara.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma kusan dukansu labari ne mai daɗi ga lafiyar jama'a. Dokar hana sha a wuraren taruwa ta fara aiki a Disambar 2006. A Afrilun 2009 gwamnatin tarayya ta ɗaga nata harajin daga senti 39 zuwa dala 1.01 a kwali. A 2015 jihar Ohio ta ɗaga nata daga dala 1.25 zuwa 1.60. A 2019 aka mayar da shekarun sayen taba 21. Yawan manya masu shan sigari a Amurka ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 a 2005 zuwa ƙasa da kashi 12 a 2021. Wasu kuma suka koma sigarin lantarki, wanda wannan harajin bai shafa ba.

Sai kuma illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Harajin ba kaso ne na farashi ba, senti 30 ne tsayayye. Farashin kwali zai iya ninkawa, senti 30 na nan yadda yake. Tsakanin 2007 da 2024 farashin kayayyaki a Amurka ya ƙaru da kusan rabi. Saboda haka dalolin sun ragu, kuma kowace dalar da ta saura ƙarfinta ya ragu. A Nuwambar 2015 aka sake kai maganar gaban jama'a, kusan kashi 75 cikin 100 suka amince a ƙara shekara 10. Gagarumar nasara ce, wadda ta nuna mutane sun ga amfanin abin a unguwanninsu. Amma a kan senti 30 ɗin aka sabunta. An tabbatar da rijiyar, ba a ƙara mata zurfi ba.

Da kuɗi ya ragu, dole aka rage abin da ake rabawa. A nan ne bambancin babba da ƙarami ke fitowa. Ana lissafa tallafin gudanarwa ne bisa girman kuɗin shigar ƙungiya, ta yadda babba zai karɓi kuɗi mai yawa amma ƙaramin kaso na kasafinsa, ƙarami kuma ya karɓi kuɗi kaɗan amma kaso mai tsoka na nasa. Manyan gidaje irin su Cleveland Orchestra da cibiyar wasannin kwaikwayo ta Playhouse Square sun sha karɓar sama da dala miliyan 1 a shekara.

Bari in kawo misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce gida mai kasafin dala miliyan 50 yana karɓar miliyan 1, wata cibiyar yara mai kasafin dala 300,000 kuma tana karɓar 30,000. Aka yanke wa kowa kashi 20 cikin 100. Babban ya rasa dala 200,000, ƙaramar ta rasa 6,000. A ido, babban ne ya yi asara. Amma abin da ya rasa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na kasafinsa ba, kuma yana da asusun wakafi, da ofishi guda na masu nemo gudummawa, da attajirai a kwamitinsa waɗanda waya ɗaya ta isa. Ƙaramar ta rasa kashi 2 cikin 100, daga cikin ɗan kuɗin da ba a ɗaure masa sharaɗi ba, kuma ba ta da inda za ta juya. Dala 6,000 a wurinta na iya zama ladan malamin da ke zuwa sau biyu a mako. Yanka iri ɗaya ne a takarda, zafinsa ne ba ɗaya ba.

Manyan gidajen ma suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Su ne ke ɗaukar ma'aikata da yawa, su ke jawo baƙi daga wasu garuruwa, su ke kai dubban ɗalibai kallo kyauta ko a farashi mai sauƙi. Su ne kuma suka zuba kuɗi da mutane a yaƙin neman ƙuri'a, wanda ba don shi ba da babu harajin ma gaba ɗaya. Duk wanda ya ce a kwashe nasu a ba ƙanana, sai ya faɗi wanda zai ɗauki nauyin kamfe na gaba.

Rigimar masu fasaha

Ƙarancin kuɗi ya tono wata tambaya da yalwa ta rufe. Tun 2009 akwai wani shiri da ake ba ɗaiɗaikun masu fasaha kyautar kuɗi, dala 20,000 ga kowane a farkonsa, su yi aikinsu yadda suka ga dama. Da yake doka ba ta bar CAC ta ba mutum kai tsaye ba, ta hannun Community Partnership for Arts and Culture ake bi. A 2016 hukumar, ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Karen Gahl-Mills, ta nuna za ta kawo ƙarshen shirin a yadda yake, ta sauya shi da wanda zai fi karkata ga aikin da ke taɓa al'umma kai tsaye. Cikin dalilan da aka kawo akwai cewa baƙaƙen fata kaɗan ne suka taɓa samun kyautar, a gundumar da su ne wajen kashi 30 cikin 100 na mazaunanta.

Masu fasaha da dama suka fusata, suka cika zauren taron amintattu. Ƙorafinsu shi ne an yanke hukunci a kansu ba a tambaye su ba, kuma ana neman a mayar da mai zane ma'aikacin jin daɗin jama'a kafin a yarda aikinsa na da daraja. Wasu kuma, musamman daga unguwannin da aka daɗe ana tsallakewa, suka ce ai dama can ƙofar ba a buɗe take gare su ba. An kafa kwamitin masu fasaha da mazauna gari ya ba da shawarwari, Gahl-Mills ta ajiye aiki a 2018, Jill Paulsen ta karɓi ragama. Daga baya aka riƙa bi ta hannun ƙungiyoyi daban-daban wajen tallafa wa masu fasaha, aka kuma buɗe wata ƙofa ta musamman don ƙungiyoyin da ke raya al'adun al'ummomin da aka bari a baya. Tsamin dangantakar bai gushe nan take ba, ya sake tasowa a tarukan amintattu a shekarun da suka biyo.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Hukumar ta ga matsala ta ainihi, amma ta ɗauko gyaran daga sama. Ita da ta yarda mazauna unguwa su zaɓi wanda za a ba dala 5,000, ba ta fara da tambayar masu fasaha yadda za a gyara shirinsu ba. Shekarun da aka ɓata ana gyara wannan kuskure sun zo daidai lokacin da ake buƙatar haɗin kai don neman ƙarin kuɗi.

Senti 70

A 2021 aka kafa Assembly for the Arts, da Jeremy Johnson a matsayin shugaba, don ta haɗa kan masu harkar su yi magana da murya ɗaya. Gunduma ba ta da ikon ɗaga harajin da kanta, sai da majalisar dokokin jiha ta gyara doka. An tattauna batun shigar da sigarin lantarki da sauran kayan taba, amma abin da ya isa gaban masu zaɓe a ƙarshe sigari ne kawai. Ranar 5 ga Nuwamba, 2024, sama da kashi 70 cikin 100 suka amince a mayar da harajin senti 70 a kwali, wato senti 3.5 a kowane kara, na shekara 10 daga farkon 2025.

Wasu wurare sun bi wata hanyar. A yankin Denver na jihar Colorado, tun 1988 ake cire senti 1 daga kowace dala 10 ta sayayya don gidajen kimiyya da al'adu. A jihar Minnesota, gyaran tsarin mulki na 2008 ya ƙara ɗan kaso a harajin sayayya na shekara 25, aka ware kusan kashi 20 cikin 100 nasa ga fasaha da al'adun gargajiya. Irin wannan kuɗin yana girma tare da kasuwa, kuma kowa na sa hannu. Amma harajin sayayya a Cuyahoga ya riga ya kai kashi 8 cikin 100, yana cikin mafi tsada a jihar, kuma darasin 2004 bai bar zukatan masu kamfe ba. Sai aka koma ga abin da aka tabbatar yana cin zaɓe.

Wa ke biya

Yanzu mu dawo kan mutum 1 cikin 5 ɗin nan, wanda yau ya kusa zama 1 cikin 9. A Amurka shan sigari ya fi yawa a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, kuma Cleveland na cikin manyan biranen ƙasar da suka fi talauci. Mai shan kwali ɗaya a rana yana biyan dala 109.50 a shekara lokacin senti 30. Yanzu yana biyan 255.50. Mai mota da ke zaune kusa da iyaka zai iya tsallakawa gundumar Lake ko Lorain ko Summit ya sayo. Wanda ke jiran bas a tsakiyar birni a kantin layinsu zai saya, ya biya cikakke.

Masu goyon bayan harajin suna cewa tsadar taba na sa mutane su daina, musamman matasa, kuma wannan gaskiya ce da bincike ya daɗe da tabbatarwa. Amma wanda bai iya dainawa ba yana nan yana biya, kuma galibi ba shi ne ke zama a kujerun gaba na Severance, zauren kiɗan Cleveland Orchestra, ba. Wannan ne ya sa nake ganin kason da ke zuwa ga ƙungiyoyin matasa da na unguwanni ya wuce a kira shi kyauta. Ta nan ne kuɗin ke komawa layin da ya fito. Uban da ya biya senti 70 da safe a kantin Hough, idan 'yarsa na koyon goge a Rainey da yamma, wani abu ya dawo gidansa. Idan aka matse wannan kason don a kare na manya, harajin ya zama ɗauka daga hannun marasa shi a kai wa masu shi, komai kyan kiɗan da za a yi da kuɗin. Duk lokacin da amintattu suka zauna raba sabon kuɗin, wannan ne ma'aunin da ya kamata a riƙa duba su da shi: nawa ne ya bi ta ƙananan ƙofofi, kuma nawa ne daga ciki aka bayar ba tare da sharaɗi ba, na shekaru a jere.

Masu kamfen 2024 sun yi hasashen sabon harajin zai tara kusan dala miliyan 160 a shekara 10. Idan aka raba, dala miliyan 16 ke nan a shekara, ƙasa da abin da senti 30 ya kawo a farko, tun kafin a cire hauhawar farashi. A senti 70, wannan na nufin kwali wajen miliyan 23 a shekara, inda a da ake sayar da miliyan 65. Su kansu masu tsarin sun sa ci gaban raguwar a cikin lissafinsu. Shekarun farko za su yi kauri, na ƙarshe su sirance, kuma wa'adin zai cika a 2035. Yarinyar da ta fara zuwa ajin kiɗa tana da shekara 8 a lokacin da sabon harajin ya fara aiki, za ta cika 18 a shekarar, ta isa jefa ƙuri'a a kan abin da zai biyo baya.